Bayan Riga

Ranar Talata ta kawo mini babi na ɗaya,
shafi goma sha bakwai, an ɗaure da zaren roba.
Barira ce, 'yar aji huɗu, mai zama kusa da taga.
Duk abin da Turawa suka ce kan aska takwas ta kwaso,
ta jera shi kashi-kashi kamar tumatir a kasuwar Sabon Gari.
Na yi ta karatu har aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya.
Na ɗauki jan biro, na rubuta kalma uku a gefe:
Wa ya ɗinka?

Ta ce, Malam, ai littattafan sun ce maɗinka.
Na ce, to je ki gano su.
In faɗi gaskiya, don in rage wa kaina aiki na faɗa.
Shekara ashirin ina zana rigar nan a allo,
ban taɓa leƙa ɗakin da ake yin ta ba.

Ta hau bas daga Samaru zuwa Ƙofar Doka.
Mako uku, shiru kamar an shuka dusa.
Sai ga ta wata ranar ruwa, takalmi duk taɓo,
ta ajiye waya a kan teburina, ta danna.
Muryar tsohuwa ce, akuya na kuka a bayanta:

"Mai zane ya zana a zaure, ya aiko yaro da ita,
mu mu cike.
Wata biyu nakan yi a kan wuya ɗaya.
A kai wa 'yan bugu, a kai kasuwa,
sai ki ji an ce rigar Alhaji wane."

Na yi murna irin ta malamin da ya hango maƙala.
Na ce, sa sunanta, da unguwarta, da shekarunta,
ai amfanin binciken ke nan, a mayar wa mai abu abinsa.
Barira ta sunkuyar da kai. Ta hana, Malam.
Ta ce sunanta ba tsire ba ne
da za a naɗe shi a takarda.

Na kawo ƙa'ida, na kawo hujja, na kawo shekaruna.
Yarinyar nan ta bari na gama, sannan ta ce:
Ta ce mai son saninta ya juya rigar.
Ƙarƙashin aljihu akwai ƙulli uku a jere,
na tsakiya a karkace.
Uwarta biyu take yi. Ita ta ƙara ɗaya.

Da daddare na buɗe akwatin mahaifina.
Rigarsa ta tsamiya tana nan da warin kafur.
Na juya ta, na haska da fitilar waya,
na bi bayan aikin da ɗan yatsa.
Ƙulli biyu.
Ko ita ce, ko tuntuɓen allura ne, oho.
Ban dai yi barci da wuri ba.

Ranar kare aiki, baƙon malami ya gyara tabarau:
Ina madogara? Wace ce wannan a shafi na sittin,
"Mai ƙulli uku, hira, cikin birni, watan Yuli"?
Barira ba ta ce uffan ba.
Ta zaro riga daga leda, ta baje ta a kan tebur
da cikinta a waje.
Mu huɗu, da digirorinmu, muka duƙa.

Yau aka kawo kundin daga wajen mai ɗauri, baƙin bango.
Ga sunana a shafin farko da manyan baƙaƙe,
a kan aikin da ban taka taɓonsa ba.
Na sa hannu, tunda haka doka ta ce.
Da ta fita,
na juya kundin, ina shafa bayansa.